Babur a Zaure da Kwana Ukun da Na Yi Shiru

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki fensir. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda muka yi nan Wagini da goyo a baya, sai a yi haƙuri da abin da ya karkace. Abin da ya sa na rubuta, babura sun yi yawa a ƙasarmu yanzu, kusan kowane malamin makaranta da malamin gona ya aje nasa a zaure, kuma kowane mai babur yana da uwa.

Wanda ya kwanta ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Ni mutuniyar Ruma ce, cikin Fulani na tashi, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Mutanen gari Malam suke ce masa tun da ya fara koyarwa a firamare, ni ma haka zan ce a nan.

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas, Malam ya sayo babur ja mai nauyi. Babur yana da ƙafar tsayawa iri biyu, ƙarama ta gefe da babba ta tsakiya mai ɗaga tayar baya sama, wadda makanikai ke ce wa babban jak. A kan babbar yake kafe shi kullum a zaure. To, bazarar nan muka yi wa zauren sabon daɓe. Mu takwas muka yi kwana biyu muna bugu, muka shafe shi da makuba har yana sheƙi. Kafin mako ya zagayo sai na ga ƙarfen ya ci daɓen, ya yi rami biyu. Abin ya yi mini zafi, amma ba halin in ce masa komai. Da ya tafi makaranta na ɗauko tsohuwar tabarmar kaba na shimfiɗa a wurin. Ya dawo ya gani, ya gane saƙon, ya hau da babur bisa tabarmar ya kafe.

Washegari da hantsi ina daka a tsakar gida. Daga baya shi ya faɗi yadda aka yi. Ya kama babur ya tura gaba don ƙafar ta naɗe, sai tabarma ta zame bisa daɓen da babur ɗin gaba ɗaya. Ya sake turawa, ta sake zamewa, har suka kai inda zauren ya yi gangare wajen ƙofa. Sai ya saki hannu ɗaya ya kama ƙarfen baya ya fizga da ƙarfi. Ƙafar ta naɗe lokaci guda, kan babur ya juya, ba hannu a birki. Tayar gaba ta daki dokin ƙofa, babur ya dawo kansa, ƙaurinsa na hagu ya shiga tsakanin inji da dutsen bakin ƙofa.

Ni ƙara biyu na ji, ta ƙarfe, da wata ƙarama kamar an karya busasshen karan dawa. Na yar da taɓarya na ruga, ina isa bakin zaure na tsaya cik. Maƙwabta ne suka ɗaga masa babur. Na hango jini kaɗan a wandonsa, ɗan rami ne a ƙauri inda ƙashin ya huda fata ya koma.

Na ji shi yana cewa, “Baba, a kai ni asibiti.”

Maigidana ya ce, “Asibiti? Wa ka gani ya je da karaya ya dawo da ƙafa biyu? A ɗauko maɗori.”

Malam ya haƙura. Yana koya wa 'ya'yan mutane karatu, amma bai taɓa musu da mahaifinsa ba.

Maɗorin daga wajen Safana aka ɗauko shi, dattijo ne sananne, ya gyara mutane da yawa a ƙasar nan, har da ƙanena da saniya ta taka. Ya ja ƙafar ya daidaita, maza huɗu na danne Malam. Ya shafa man shanu da garin magani har bisa raunin, ya jera kara ya zagaye ƙaurin, ya ɗaure tamau da tsumma. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa ya ɗora ta ita ma. Ya ce, “Yadda ta warke haka zai warke. Kwana bakwai kada wanda ya taɓa ɗaurin nan. In aka kwance, ba ruwana.”

Aka kwantar da shi a ɗakinsa. Matarsa Hajara tana da ciki wata takwas, da ƙyar take tashi. Ni nake dama kunu in miƙa mata daga waje ta kai masa. Gadon yana fuskantar ƙofa, saboda haka in na gitta ƙafafunsa kawai nake gani, kuma su nake kallo. Kwana uku na farko ba ya barci ba ya cin abinci, nishi kawai, yatsun sun kumbura sun yi suntum. Yana ta cewa ɗaurin ya matse. Aka ce haka ɗori yake.

Rana ta huɗu nishin ya tsaya. Gida ya cika da hamdala, wai ɗori ya kama. Ni kuwa da na gitta sai na ga faratan yatsun sun canza, sun yi duhu kamar ɗinya ta fara nuna. Bayan azahar barci ya ɗauke shi, Hajara ta zaga bayan gida. Na duba hagu da dama kamar ɓarauniya, na shiga, na kama babban yatsan. Rabon da in taɓa jikinsa tun yaye. A tsakiyar bazara, ɗakin kamar tanda, yatsan nan sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na mintsine shi da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba.

Na san abin da na gani. Na yi kiwo, na san yadda ƙafar akuya ke yi in igiya ta kwana shaƙe da ita. Amma maimakon in je wurin maigida, sai na kira Hajara gefe na ce ta faɗa masa.

Ta ce, “Inna, ni in tari Baba da magana? Da wane bakin?”

Gaskiyarta. Ita ma suruka ce, tata kunyar ta ishe ta.

Rana ta biyar Yaya Dije, yayar maigida, ta zo dubiya. Na ja ta madafa na faɗa mata a hankali. Ta yi dariya har da tafa hannu.

“'Yar Fulani, yau kuma kunyar ta ƙare? Ɗan fari kike leƙe? Bari in je in ba da labari a Ruma.”

Na ce, “Yaya, yatsun sun yi sanyi.”

“Zafin ciwo ne ya fita. Je ki dubi kaza ki kwantar da hankalinki.”

Kazar kuwa ta fara dogara ƙafa tana tsattsagar tsaki a gindin rumbu. Duk wanda ya shigo gidan sai an nuna masa ita. Maza suna tsayawa kanta suna gyaɗa kai. Ba wanda ya tsaya a kan yatsun.

Rana ta shida wari ya fara fita, korayen ƙudaje suna bin tsumman. Hajara ta yi turare a ɗakin. Ranar nan na yi tuwo, na yi wanki, na share tsakar gida sau biyu, ban ce uffan ba. Na ce a raina ai gobe maɗori zai zo, shi zai gani da idonsa, ba sai na zubar da mutuncina ba. Allah Ya yafe mini wannan lissafi.

Da safen rana ta bakwai aka aiko cewa maɗori ya tafi wani gari ɗori, sai jibi. Ina jin haka na yafa mayafi na nufi zaure. Maigida na zaune da liman da maƙwabta biyu. Shekara ashirin da bakwai ina gidan ban taɓa fitowa cikin maza ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da kwana da iyali da zafi, har gaisuwa ta ƙare ban tashi ba.

Maigida ya ce, “Lafiya?”

Na ce, “Ƙafar yaron nan ta mutu daga ƙasa. A kwance karan nan.”

“Wa ya aiko ki?”

“Ba kowa.”

“Ke kika ɗora?”

“Ban ɗora ba. Amma na taɓa.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Liman ne ya cece ni, Allah Ya jiƙansa. Ya ce, “Alhaji, macen da ba ta fitowa in ta fito a saurare ta. Tashi mu gani.” Ya tsinko ƙayar aduwa a jikin danga, suka shiga, ni ina waje. Ya soka ƙayar a babban yatsa har ta shige.

Ya ce, “Malam, ka ji?”

Malam ya ce, “In ji mi, Liman?”

A amalanke aka kai shi Batsari. Kafin a ɗaura shanu aka shiga tambayar wa zai bi shi jinya, tunda Hajara ba ta iya tafiya. Ana cikin shawara na fito da ƙunshina da tukunya. Yaya Dije ta bi ni da kallo. Malamin ɗakin magani na Batsari ya yanke tsumman da almakashi, ya kau da kai. Fatar ƙaurin ta yi zane-zanen kara, raunin ya cika da mugunya. Ya wanke, ya rubuta takarda, ya ce yau-yau sai birni. Muka sami babbar mota mai bodin katako ta 'yan kasuwa, aka shimfiɗe shi bisa buhunan wake. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ciji hannun rigarsa.

A babban asibiti na ga abin da ban taɓa gani ba. Mun isa an tashi daga yankan kati, aka ce sai gobe. Washegari muka shiga layi tun da sanyin safiya. Mai gadi ya ce sai an ba shi na goro kafin a shigar da marar lafiya inuwa. Mai yankan kati ya tafi karin kumallo ya daɗe, ya dawo ya fara da waɗanda ya sani. Rana ta take, Malam na kwance a ƙasa zazzaɓi na kaɗa shi, ina kore masa ƙuda da bakin mayafi. Sai ga wata nas, mutuniyar kudu, Hausarta a karye. Ta wuce mu, ta dawo, ta ɗaga zanen da na rufa masa. Ta ce, “Mama, wannan ba na layi ba ne.” Ta daka wa masu tura gado tsawa. Ban san sunanta ba har yau, amma tana cikin addu'ata.

Likitan Ba'indiye ne, wani malamin asibiti ke fassara. Ya duba hoton ƙashi, ya ce ɗorin kansa bai karkace ba, ɗaurin ne ya hana jini sauka, raunin kuma da aka rufe da magani ya ruɓe daga ciki. Sannan ya yi tambayar da ba ta bar kunnena ba.

“Kwana nawa da yatsun suka yi sanyi?”

Maigida ya juyo ya dube ni. Na ce, “Yau biyar.”

“Wa ya fara gani?”

Na ce ni ce. Likita ya yi magana gajeriya, mai fassara ya ce, “Ya ce da an sassauta a ranar, da sun tsira.”

Ranar aka shiga da shi tiyata, aka cire yatsun duka biyar da gaban tafin ƙafar. Da aka fito da shi, likita ya zaro biro ya ja layi a ƙaurin, sama da inda fatar ta yi ja ta kumbura. Ya ce in jan nan ya haye layin, za a yanke daga ƙasan gwiwa don a tsirar da rai. Maigida ya ce shi bai kawo ɗansa a yanke ba, ya ƙi dangwala hannu a takarda. Sai Malam ya ce a ba shi, ya sa hannu da kansa. Kwana biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka, maigida ya koma gida, ya bar ni da layin biro.

Mako na uku shi ne mafi tsanani. Masu jinya a gindin bishiyoyin bayan ɗakin muke girki, kowa da murhunta. In na kawo masa abinci sai in aje in zauna a ƙasa in ba shi baya. A gadon kusa akwai wani bakanike, Audu, da mota ta karya wa cinya, an rataye ƙafarsa da ƙarfe. Bakinsa ba ya hutawa.

Ya ce, “Inna, don Allah wanga ɗanki ne ko surukinki? Kwana biyar ban ga kin dubi fuskarsa ba.”

Duk ɗakin aka yi dariya, har Malam. Audu ya tambaye shi yadda aka yi babur a tsaye ya karya malamin makaranta, alhali wasu sai sun yi gudu. Malam ya ce tsautsayi ne. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, “Tabarma na shimfiɗa a ƙarƙashinsa.”

Audu ya daina dariya. Ya ce, “Ayya, Inna. Ai babban jak sai ya ciji ƙasa yake naɗewa. In ƙasa na da santsi, ko an sa masa tabarma ko buhu, tafiya zai yi ta yi da kai.” Ya ɗaga hannuwansa sama yana kwance kamar ya riƙe babur. “Malam, saurara, yau ni ne malamin. Wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, kada ya fuskanci gangare. Inji a kashe. Ƙaramar ƙafa a naɗe. Ka tsaya ta hagu, hannu biyu a kan babur, kan a miƙe, yatsu biyu bisa birkin gaba. Ka jingina ƙugunka da shi ya ɗan karkato wajenka, ka tura gaba a hankali. Yana sauka ka damƙe birki. Kada ka saki hannu ɗaya ka fizgo ta baya. In ya ƙi, kira mutum, ba abin kunya ba ne. In kuwa ya tashi faɗuwa, ka yi tsalle ka bar shi. Ana sayar da fitilar babur a kasuwa, ban taɓa ganin rumfar ƙauri ba.”

Na sa ya maimaita, na rubuta a bayan takardar magani, shi ne na kwafo a nan. Da la'asar ina kwashe kwano sai Malam ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Inna, na ga tabarmar da idona na hau. Ki daina ɗora wa kanki.” Maganar tabarma ya sani. Bai san ta yatsu ba, don yana cikin zafin zazzaɓi lokacin da likita ya tambaya.

Kullum da safe in nas ta zo wankin ciwo sai in tsaya a ƙafar gado. Jan yana hawa. Daga faɗin yatsa uku tsakaninsa da layin ya koma biyu, ya koma ɗaya. Zazzaɓi ya ƙi sauka, Malam yana kiran sunayen 'yan ajinsa yana cewa su yi shiru. Aka ce allurar da ta dace ta ƙare a asibiti, sai a kemis cikin gari. Na aika gida aka sayar da karsanar da na gada a wurin mahaifina. Ban ji ciwon rabuwa da ita ba, abin da ya dame ni kwana biyun da saƙon ya ɗauka a hanya.

Yaya Dije ce ta kawo kuɗin, da gorar rubutu, da ƙullin garin magani. Ta ce in tura garin ƙarƙashin bandeji in nas ta fita. Ta ce kuma dangi sun yi shawara a sato shi a mai da shi gida kafin a yanke, akwai wani maɗori a wajen Karare. Na ce, “To, Yaya.” Rubutun na ba shi ya sha. Garin na zubar a kwata. Da ta zo da maganar motar da za a sato shi a ciki, na ce mata, “Yaya, ki gaishe su. Ba inda za shi.” Ta ce birni ya buɗe mini ido. Amma ta kwana biyu tana taya ni girki, ta kuma bar mini dawo da daddawa. Ba don ƙi take yi ba, ita ma ɗanta ne.

Farkon mako na huɗu jan ya taɓa layin. Likita ya daɗe yana dannawa da yatsa, ya ce kada a ba shi abinci da safe, gobe za a yanke shawara. Audu ma ranar bai yi wasa ba. Washegari aka buɗe bandeji, na matso har nas ta ce in ja baya. Tsakanin jan da layin akwai 'yar fata mai kyau, faɗinta bai fi ƙwayar dawa ba. Likita ya cire tabarau ya duba, ya mayar ya sake dubawa. Ya ce a ƙara kwana ɗaya. Washegari ya ce a ƙara ɗaya. Haka muka yi ta karɓar ƙafar nan kwana ɗaya-ɗaya har mako ya cika, zazzaɓi ya sauka, ya nemi tuwo da miyar kuka da bakinsa.

A mako na shida aka sa masa simintin ɗori a ƙafar, aka bar taga wajen raunin don wanki. Muna can Hajara ta haihu, aka yi suna ba shi. Mako tara muka yi. Mun bar gida ƙasa a bushe, muka dawo gero ya kai ƙugu, shi yana bisa sanduna biyu.

Maɗorin ya zo gaisuwa. Ya ce da an bar ɗaurinsa ya cika kwanakinsa da ba a yi asara ba. Na aika masa da ruwa da fura. Ba na zaginsa, ya taimaki mutane da yawa, kuma likita da kansa ya ce ƙashin ya zauna daidai. Amma ga abin da na koya da tsada. In karaya ta huda fata, ba ta gida ba ce. In an yi ɗori, a riƙa taɓa yatsu safe da yamma. A danna farce, in ya yi fari ya dawo da jini, to. In yatsu sun yi sanyi, ko an mintsina ba a ji ba, a sassauta a take a nemi asibiti, kada a jira kowa. Ciwon da ya yi shiru farat ɗaya ba kullum ne sauƙi ba. Wadda ta gani kuma ta faɗa da bakinta, ko ɗan fari ne, ko a gaban wa.

Malam ya koma aji bayan kaka. Wani baduku a Batsari ke ɗinka masa takalmi, yana cusa auduga a gaban na hagu. Yana noma, yana zuwa masallaci, wanda bai sani ba sai ya ce ƙaya ya taka. Mun gode wa Allah da Ya bar masa gwiwa da dunduniya. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimake mu, Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti lafiya.

Wata rana na tara ƙarfin hali na faɗa masa maganar kwana ukun, ina tankaɗe, ban ɗago ba. Sai ya ce, “Bayan ukun fa, Inna? Wa ya fito zaure?” Ya tashi ya tafi. Na san ya yafe. Amma ko cikin mutum ɗari ya taho nakan gane takunsa tun daga bayan danga, ɗaya cikakke, ɗaya gajere. Nakan aje abin da ke hannuna in saurara har ya wuce.